Nawa Ne Kuɗin Laƙani? Gardamar Da Ta Ƙi Ƙarewa A Kan Teburin Wasa

A cikin shekarar 1974 ne waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani sabon wasa da suka raɗa wa suna Dungeons & Dragons, watau wasan kurkukun ƙarƙashin ƙasa da dodanni. Kwafi 1,000 kacal aka buga da fari a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva cikin jihar Wisconsin, ana sayar da kowanne a kan dala 10. Tun daga wannan shekara har yau, sama da shekara 50 ke nan, masu wasan ba su daina ja-in-ja a kan wata doka guda da ke cikin littafin ba, ita ce dokar da ta tsara yadda masihirci zai yi aiki da sihirinsa.

Kafin a shiga cikin gardamar, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne alƙalin wasa, shi ke ƙago duniyar da labarin zai gudana, ya faɗi abin da ke bayan kowace ƙofa, ya yi magana da bakin sarki da na dodo. Sauran kuwa kowa sai ya ɗauki mutum guda cikin labarin ya zama shi: wannan barde ne mai takobi, wancan ɓarawo ne mai buɗe kwaɗo, ɗayan masihirci. Tatsuniya ce dai, amma irin wadda masu sauraro ke da bakin magana a ciki. In barde ya ce zai kai sara, sai ya jefa ƙwaya irin ta wasan ludo, sai dai waɗannan akwai mai fuska 4, da mai 8, har da mai 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya samu ko ya kuskure.

Sihirin da ake magana a nan lissafi ne a kan takarda, ba ya wuce nan. Abin da ake kira laƙani wani sakin layi ne cikin littafin dokoki, wanda ke cewa in mai wasa ya zaɓi wannan, to, abokan gaba kaza sun yi barci, ko kuwa maki kaza ya ragu daga lafiyar dodo. Ko a Amurka sai da aka yi wa abin mummunar fahimta, har wata uwa mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983, kuma a 1985 gidan talabijin na CBS ya gayyaci Gygax ya kare kansa. Wannan ƙura ta daɗe da lafawa. Wadda ba ta lafa ba ita ce ta cikin gida, tsakanin masu wasan su ya su.

BINDIGAR HARBA-KA-RUGA

Gygax ya aro dokar ne daga wani littafin ƙagaggun labarai mai suna The Dying Earth, wanda Jack Vance ya fitar a 1950. A cikin wannan littafi laƙani abu ne mai wuyar riƙewa, sai masihirci ya sha wahala kafin ya cusa guda huɗu ko shida cikin kansa, kuma da zarar ya furta ɗaya, shi ke nan ya goge daga ƙwaƙwalwarsa, sai ya koma ga littafinsa ya sake haddacewa. Gygax na son rubutun Vance ƙwarai, har ma akwai wani mugun matsafi cikin wasan da ake kira Vecna, wanda sunansa harufan Vance ne aka jujjuya.

To, da aka mayar da wannan ya zama doka, sai ya kasance sabon masihirci yana da laƙani ɗaya tak a yini. Ba a yarda ya sa sulke ba, makaminsa kuwa wuƙa. Tun da safe zai zaɓi laƙanin da zai haddace, alhali bai san abin da yinin zai kawo ba. In ya zaɓi na sa barci sannan aka haɗu da ƙofar da ta ƙi buɗuwa, ya yi asara. In kuwa ya harba shi a faɗan farko, sauran wasan sai ya koma bayan abokansa yana riƙe musu fitila. Shi da maharbi mai bindigar harba-ka-ruga ba su da maraba. Masu wasan ma har ba'a suke yi, wai kyanwar gida in ta fusata tana iya gamawa da sabon masihirci.

Amma fa in ya yi haƙuri ya rayu, lamarin juyewa yake yi. Bayan matakai da dama sai a tarar barde yana nan da takobinsa yana saran mutum ɗaya ɗaya, shi kuwa masihirci yana tashi sama, yana ƙone runduna, yana ɓacewa daga wannan gari ya ɓulla a wancan. Dokar mantuwa ita ce linzamin da aka sa masa. Gygax ya fito ne daga cikin masu wasan yaƙi na 'yan gumakan soja, inda masihirci ke matsayin igwa a fagen daga, ita kuwa igwa dole a ƙayyade mata harsashi. A cikin 1976 ya rubuta maƙala a mujallar kamfaninsa, The Strategic Review, yana kare wannan tsari, inda ya nuna cewa in aka sake wa masihirci mara zai danne kowa a teburin, sauran hanyoyin kuma za su ƙara wa 'yan wasa wahalar lissafi.

Dalilin da ya sa ya ɗauki alƙalami shi ne tuni mutane sun fara yi wa dokar tawaye. A 1975 wani ma'aikacin laburare a birnin Phoenix, Ken St. Andre, ya karanta littafin ya ga ya cika sarƙaƙiya, sai ya rubuta nasa wasan mai suna Tunnels & Trolls. A nan babu haddacewa babu mantuwa. Kowane laƙani yana da farashi, kuma da ƙarfin jikinsa masihirci ke biya, in ya huta ƙarfin ya dawo sannu a hankali. Tsari ne mai sauƙin fahimta, sai dai ya haifar da abin dariya, domin masihircin da ya fi kowa shi ne mai ƙirar 'yan dambe, har sai da aka ware wa sihiri nasa ma'aunin daban a bugun baya. A 1978 kamfanin Chaosium ya fitar da RuneQuest, inda aka ce manomi da makiyayi da mayaƙi kowa na iya koyon ƙananan laƙunna, yana biya da makin ruhinsa. Dabarar da ke ciki ita ce, da wannan makin dai mutum ke kare kansa daga sihirin wani, saboda haka duk wanda ya yi almubazzaranci ya buɗe wa abokin gaba ƙofa.

LISSAFIN MAKI 27

Wannan tsari na biya da maki shi ne wanda jama'a suka fi ɗauka in sun gaji da tsohuwar doka, kuma shi ya fi cancanta a duba da kyau, tun da yake kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi wasan a 1997, da kansa ya sa shi a matsayin zaɓi cikin littafin alƙalan wasa na 2014.

Ga yadda abin yake. A dokar yau da kullum ta bugun 2014, masihircin da ya kai mataki na 5 yana da gurbi 9 a yini: 4 na laƙunnan aji ɗaya, 3 na aji biyu, 2 na aji uku. Kowane gurbi in an yi aiki da shi ya tafi sai bayan dogon hutu. A tsarin maki kuwa sai a rushe gurabun a ba shi maki 27 a dunƙule, laƙanin aji ɗaya ya ci maki 2, na aji biyu 3, na aji uku 5. Wanda ya lissafa zai ga ba a ƙara masa ko anini ba, domin 8 da 9 da 10 su ne 27 ɗin. Da ganin haka sai alƙalin wasa ya saki jiki, ya ce ai duk kanwar ja ce.

Ba ɗaya ba ne. Cikin laƙunnan aji uku akwai wanda ya fi kowanne suna, watau curin wuta, wanda ke fashewa ya cinye duk abin da ke cikin ƙafa 20 ta kowane gefe. Ƙwaya 8 masu fuska 6 ake jefa masa, abin da ke ba da maki 28 a matsakaici ga duk wanda ya kasa kaucewa. Mai gurbi sau 2 zai iya jefa shi a yini. Mai maki kuwa sau 5, har ya rage canjin maki 2. Barden da ke zaune kusa da shi a mataki guda sara 2 yake kaiwa a kowane zagaye, kowanne wajen maki 9 ko 10 in ya samu. Bambancin mai gurbi da mai maki kamar na wanda aka auna wa hatsi da mai da gishiri ne da wanda aka danƙa wa kuɗin cefanen a hannu. Adadin ɗaya ne, amma na biyun yana iya kai su duka ga mahauci.

Marubutan littafin sun san da wannan, shi ya sa suka ce laƙunnan aji shida zuwa sama sau ɗaya ɗaya za a yi su a yini ko da maki ya yi yawa. Amma sun gina lissafinsu ne a kan cewa ayarin zai gamu da faɗa 6 zuwa 8 kafin ya kwanta barci, ta yadda mai gaggawar kashe makinsa zai yi nadama da yamma. Gaskiyar magana ita ce tebura da yawa ba sa kai haka. Ma'aikata ne da ɗalibai da ke haɗuwa awa uku ko huɗu a mako, su yi faɗa ɗaya ko biyu, sannan mutanen cikin labarin su kwanta su tashi da cikakken ƙarfi. A irin wannan teburi, mai maki ba shi da dalilin tattali ko kaɗan.

Wanda ke biyan kuɗin wannan gyara shi ne mutumin da ya zaɓi barde. Ya baro gidansa, ya zauna ana ta labari, da aka zo wurin da zai nuna bajinta sai abokinsa ya gama faɗan tun kafin ya zare takobi. Mako ɗaya zai yi dariya, mako na biyu ya yi shiru, na huɗu a ji ya ce aiki ya riƙe shi. Wasa ne da ba a cin kuɗi a cikinsa, ba kuma wanda ke lashewa, abin da kowa ke nema shi ne a ba shi nasa lokacin a gaban 'yan'uwa. Dokar sihiri ita ke raba wannan lokaci, ko masu wasan sun lura ko ba su lura ba.

WAƊANDA SUKA SAUYA IRIN KUƊIN

Waɗansu masu ƙirƙirar wasanni sun ga cewa yawan laƙani ba shi ne kaɗai abin da za a ƙayyade ba, sai suka sauya irin abin da ake biya da shi. A wasan Call of Cthulhu na 1981, hankalin mutum ne ke raguwa duk sa'ad da ya taɓa sihiri, har ya kai ga hauka. A Dungeon Crawl Classics, wanda Joseph Goodman ya fitar a 2012, masihirci na iya maimaita laƙani sau nawa ya ga dama, muddin ƙwaya mai fuska 20 tana ba shi sa'a. In ta ƙi, laƙanin ya kuɓuce masa na yinin, in kuwa lamba 1 ta fito, yana iya tashi da wata nakasa a jikinsa wadda ba ta warkewa. An kuma ba shi damar ya ƙona ƙarfin jikinsa don ya ƙara wa jifar nauyi. Masu son wannan tsari sukan ce shi ne ya mayar wa sihiri kwarjininsa, tun da ko mai shi tsoronsa yake ji. Masu ƙinsa kuwa suna cewa ba daidai ba ne mutum ya yi wata shida yana renon gwarzonsa sannan jifa ɗaya ta lalata shi. Duka biyun suna da hujja, sai dai wanda ya zauna a irin wannan teburi ya san abin da ya saya tun daga farko.

A 1991 kamfanin TSR, wanda ke da Dungeons & Dragons a lokacin, ya fitar da duniyar Dark Sun, inda sihiri ke zuƙar ran tsirrai. Masihirci mai haɗama yana saurin ɗaukaka, amma duk inda ya tsaya ya yi aiki ciyawa da itatuwa sai su zama toka, kuma da haka ne duniyar tasu ta koma hamada. Mai tattali yana ɗibar kaɗan don kada ƙasa ta mutu, ci gabansa kuma ya yi jinkiri. A nan talakan cikin labarin ne ke biya, shi ya sa jama'ar wannan duniya ke farautar duk wanda suka gane masihirci ne.

Wanda zai fi yi wa masu karatun Dare Dubu Da Ɗaya daɗi shi ne na Al-Qadim, wanda Jeff Grubb ya rubuta a 1992 bisa irin waɗancan hikayoyi. Akwai wani irin masihirci a wannan duniya wanda ba ya haddace kome. Yana da ɗan ƙaramin aljani mai yi masa hidima, in yana bukatar laƙani sai ya aike shi ya nemo. Laƙanin da ya saba da shi ba ya daɗewa, baƙo kuwa yana iya cin awoyi, wani lokaci ma ɗan aiken ya dawo hannu rabbana. Farashin a nan jira ne, kuma duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa alhali tukunya na kan wuta ya san irin wannan jira.

Sai kuma Ars Magica, wanda Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen suka fitar a 1987, wanda da yawa ke ɗauka shi ne gwanin tsarin sihiri duka. Su nahawu suka mayar da abin. Akwai aikatau 5 cikin harshen Latin, masu ma'anar ƙirƙira, ganewa, sauyawa, rushewa da sarrafawa. Akwai kuma sunaye 10: dabba, ruwa, iska, jiki, tsiro, wuta, sura, hankali, ƙasa, da shi kansa sihirin. Mai wasa sai ya haɗa ɗaya daga nan da ɗaya daga can, hanya 50 ke nan, ya faɗi abin da yake nufi. Ƙirƙira da wuta su ba shi harshen wuta, ganewa da hankali su ba shi abin da ke zuciyar wani. Laƙanin da aka ƙaga nan take bai kai wanda aka koya ƙarfi ba, yana kuma gajiyar da mai shi.

Abin yabo ga waɗannan marubuta shi ne ba su yi ƙaryar cewa masihirci da barde daidai suke ba. Sun yarda masihirci ya fi, sai suka magance abin ta wata hanya: kowane ɗan wasa yana da masihircinsa, yana kuma da wani mutum na biyu marar sihiri. Yau masihircin wane ne zai fita, sauran su raka shi a matsayin abokan tafiya da dakaru, gobe kuma a juya, nasa ya zauna ɗakin bincike wata uku yana nazari. Karɓa-karɓa ke nan, kamar adashi. Nauyin da ya rage yana kan alƙalin wasa, domin shi zai yanke wa kowane sabon laƙani farashi nan take, kuma in ya sassauta wa wani yau, gobe sauran za su tuna masa.

Shi kansa kamfanin da ke da Dungeons & Dragons ya taɓa gwada tumɓuke tsohuwar dokar daga tushe. A bugu na huɗu, na 2008, aka ba kowa, barde da ɓarawo da masihirci, dabaru iri ɗaya a tsari: waɗansu a yi su kullum, waɗansu sau ɗaya a kowane faɗa, waɗansu sau ɗaya a yini. An sami adalcin da aka daɗe ana nema, amma tsofaffin 'yan wasa da yawa suka ce an mayar da abin kamar wasan kwamfuta, sihiri ya rasa ɗanɗanonsa. A 2009 kamfanin Paizo ya fitar da Pathfinder a kan tsohon tsari, jama'a suka yi tururuwa, har ya zamana a 2011 ƙididdigar shagunan wasanni a Amurka ta nuna shi a gaban uban gidansa. Ba dokar sihiri kaɗai ta jawo haka ba, amma tana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen. Da bugu na biyar ya fito a 2014 sai aka dawo da gurabu, aka kuma bar wa masihirci 'yan ƙananan laƙunna da ba sa ƙarewa, don kada a koma zamanin riƙon fitila.

Saboda haka alƙalin wasan da ke shirin ɗauko wani tsari daban, tambayar da ta kamace shi da fari ita ce sau nawa mutanensa ke faɗa kafin su huta. In amsar ɗaya ce ko biyu, to, tsarin maki zai ba masu sihiri teburin baki ɗaya, sai fa in ya taɓa dokar hutu. Wannan ma yana cikin littafin na 2014, wanda a cikinsa aka kawo tsarin makin, ko da yake ba kowa ke haɗa su ba. A dokar yau da kullum gajeren hutu awa 1 ne, dogo kuma awa 8. A zaɓin da aka bayar, gajeren hutu ya zama barcin dare guda, dogon kuwa kwana 7 cur. Barde yana maido da yawancin dabarunsa da gajeren hutu, masihirci kuwa dogon yake jira kafin makinsa ya cika. Da wannan gyara, maki 27 ɗin nan sai sun kai shi mako guda na tafiya, ya ratsa daji da su, ya ƙetare kogi, ya iso ƙofar dodon da abin da ya rage.